Hular da Na Ba Ka

12 ga Maris

Gajere,

Ina gaishe ka, ina gaida amaryata da yara biyun nan da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ka ce mata ina nan ina jiran ranar da za ta gaji da kai ta dawo wurin mijinta na asali. Na san ka fi ƙofar ɗakina tsawo yanzu, amma sunan da kakarka, yayata, ta laƙaba maka ba zan sauya shi ba don kawai ka zama kocin babbar ƙungiya.

Jiki da sauƙi, sai gwiwa da kunne. Kunnen ya tafi gaba ɗaya, saboda haka kada ka wahalar da kanka da kiran waya. Ina ganin haskenta, in ɗauka, in yi ta cewa na'am ga iska. Hannu yana rawa, amma bai manta rubutu ba. Telan da ke ƙasan benenmu shi ke kai mini wasiƙa gidan waya, shi ne kuma ke ajiye mini kujera gaban talabijin ɗin shagonsa kowace Asabar. Matakala ashirin da biyu ne daga ɗakina zuwa shagon. Sau ɗaya nake sauka a mako. Tun rasuwar mai ɗakina, nan kaɗai nake zama cikin mutane.

Asabar ɗin nan na sauka na kalli wasanku. Da yake ba na jin mai sharhi, idona yakan tsaya inda wasu ba sa dubawa. A minti na tamanin da huɗu kuna gaba da ci ɗaya, aka nuno ka a bakin fili. Ka cire hula ka sa a hammata. Daga nan aka bugo kwana, ɗan bayanka Lamba Biyar ya tashi sama tare da ɗan gabansu, kawunansu suka haɗu, ya faɗi. Bai riƙe ƙafa ba, bai yi birgima ba. Alƙalin wasa ya yi masa hannu ya tashi, ya bar wasa ya ci gaba. Likitanku ya zabura da jakarsa, ka riƙe masa hannu. Na duba agogona, ka san tsohuwar ɗabi'a. Minti biyu ba kaɗan kafin a busa usur.

Tela da mutanen shagon suka yi ta zagin alƙali. Da na zo hawa sama sai da na huta sau uku.

Ka rubuto mini halin da mutumin nan yake ciki, da halin da kake ciki.

Gajere, na ga hular.

Kakanka

*

24 ga Maris

Kaka,

Wasiƙarka ta iso, mun yi murna da ganin rubutunka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Amaryarka na gaishe ka, ta ce ka fara sa haƙoran gaba tukun sannan a yi maganar dawowa. Yara lafiya, ƙaramar ce ta yi mura ta warke.

Lamba Biyar ya farfaɗo bayan kwana huɗu. Hannunsa da ƙafarsa na hagu ba ƙarfi, magana kuma tana fita da ƙyar. Likitoci sun ce numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci a fili. Na tambaye su ko da an isa gare shi da wuri da abin bai kai haka ba, babu wanda ya yarda ya ce i ko a'a. Ƙwallo dai ya gama. Shekarunsa talatin da ɗaya, yana da mata da 'ya ɗaya.

Kwamitin ladabtarwa ya dakatar da ni shekara guda saboda riƙe hannun likita. Ba benci, ba ɗakin sauya kaya, ba filin atisaye. Shi ma alƙalin an dakatar da shi. Lauyana ya ɗaukaka ƙara, za a zauna ranar ashirin ga Afrilu. Hujjarsa mai ƙarfi ce: doka ta ce likita ba ya shiga fili sai alƙali ya kira shi, ni kuwa dokar na bi. In aka mayar da hukuncin wasa shida, ƙungiya za ta jira ni. In shekarar ta tsaya, sun riga sun gaya mini za su kawo wani. Ka san yadda aikin nan yake, wanda ya sauka daga benci shekara guda an manta da shi.

Ga abin da nake roƙo. Cikin mutum biyar na kwamitin, biyu ɗalibanka ne, sun buga ƙwallo a hannunka lokacin kana koyarwa. Har yau in an ambace ka sai su gyara zama. Lauya ya ce takarda daga gare ka a kan halina za ta yi nauyi. Layi goma ma ya isa. Kai ka san ni tun ban san hannun damana ba.

Maganar hula kuwa, Kaka, rana ake ƙwallawa ranar. Kowa na cire hula. Likitan sabo ne, bai san komai ba, 'yan wasa kuma ba za su buɗe baki ba. Don Allah mu bar ta a nan.

Jikanka

*

2 ga Afrilu

Gajere,

Na gode da amsa. Ina gaida mutanen gida. Ka gaya wa amarya haƙora uku suka rage mini, kuma duk masu aiki ne. Ƙafa ta ɗan kumbura kwanakin nan, ma'aikaciyar jinya ta zo ta sauya mini magani. Ban da wannan, alhamdu lillahi.

Na kwana shida da wasiƙarka a aljihu kafin in ɗauki alƙalami.

Ka ce rana ake yi. To. Amma hular tawa ce, Gajere. Ruwan toka, hana-sallah, bakinta ya karye ta gefen dama tun ranar da na zauna a kanta a motar ƙungiya. Shekara arba'in da shida ke nan da wasan ƙarshe na gasar cin kofi da muka buga, ina kocin 'yan masaƙa. Muna gaba da ci ɗaya, yarana sun gaji liƙis, saura minti bakwai. Tun a ɗakin sauya kaya na gaya wa ɗan bayana: in ka ga na cire hula na sa a hammata, ka nemi wuri ka kwanta, kada ka tashi sai ka ga ta koma kaina. Ya kwanta sau biyu. Muka ɗauki kofi. Aka ɗaga ni sama, hular tana kaina.

Sau nawa na ba da labarin nan? Duk inda aka taru sai an ce in sake, ni kuwa ina ƙara masa gishiri. Kowa na dariya, ban da mutum ɗaya. Marigayiya mai ɗakina ba ta taɓa yin dariyarsa ba. Wata rana tana guga, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce mini, “Ranar da wani ya faɗi da gaske fa?” Na ce mata ba ta san ƙwallo ba.

Ranar da ka samu aikin koci na farko na raka ka tasha. Na ciro hular daga leda na ɗora maka a ka, na ce ga mataimakinka nan, ba ya cin albashi. Ka yi dariya har direba ya waiwayo. Ka tuna?

Yanzu bari in faɗa maka abin da na gani game da hukunci, tunda ba ni da aikin yi sai tunani. Koci ya zagi alƙali, a ba shi wasa biyu. Ya yi ƙwallo da robar ruwa, a ci shi tara. Duk abin da kamara ta kama shi ake hukuntawa, abin da ba ta kama ba kuwa sai a kira shi dabara, a yaba wa mai shi. Lauyanka ya yi gaskiya, riƙe hannun likita ba laifi ba ne a doka. Laifin yana wani wuri. Me ya sa alƙali ya ga ƙato kwance bai motsi, ya yi masa hannu ya tashi? Domin a kakar nan kaɗai na ga Lamba Biyar ya kwanta sau huɗu a mintocin ƙarshe, kuma duk sau huɗun hular tana hammatarka. Alƙalai ma suna kallon talabijin. Mutumin nan yana da abu ɗaya da zai cece shi ranar da ya faɗi da gaske, wato a yarda da faɗuwarsa. Kai ka ɓarnatar masa da shi kaɗan-kaɗan, don ka sayi minti biyu nan, minti uku can. Kai kanka da ya faɗi ba ka yarda ba. Ka ɗauka umarninka yake bi, shi ya sa ka riƙe likita don ya ɗan ƙara kwanciya. Ba dokar fili ka tuna ba a lokacin. Na san haka domin ni ma da abin da zan yi ke nan.

Da ni ne a kujerar kwamitin, ba zan rage maka kwana ɗaya ba. Sai dai in roƙi a rubuta sunana ƙarƙashin naka.

Ga takardar da ka nema a cikin ambulan ɗin nan, ban liƙe ta ba. A gabanta na rubuta halinka, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba: yadda ka yi jinyar kakarka wata bakwai, yadda ka ƙi sa ɗan wani babba a wasa aka kore ka daga aikinka na biyu, yadda kake zuwa asibiti duba 'yan wasan da ma ba naka ba. A bayanta na rubuta labarin hula, daga kaina zuwa kanka. Takarda ɗaya ce, gaba da baya, kuma sa hannuna yana bayan. Da gangan na yi haka.

Ba zan aika wa kwamiti komai a bayan idonka ba, ba zan kuma gaya wa kowa ba. In ka ga dama ka yaga. Amma ba zan iya rubuta gaban ba tare da bayan ba. Na gwada sau uku, hannun ya ƙi.

Kai kaɗai ka rage mini a dangi mai tuna ina raye. Na san abin da nake sa wa a hatsari.

Kakanka

*

9 ga Afrilu

Kaka,

Na samu saƙo. Muna lafiya.

Layi goma na roƙa, ka aiko mini da igiyar rataya. Ba za ka rage mini kwana ɗaya ba. Na karanta layin nan har na haddace shi. Mutanen da ba su san ni ba ma sun yarda su saurare ni, kai da ka goya ni ka riga ka yanke.

Kai ka ci kofi da hular nan, aka ɗaga ka sama, ka shekara arba'in kana ba mutane dariya da ita. Ni zan ci hukuncinta. Yanzu da ba ka da benci, ba ka da yara biyu a makaranta, gaskiya ta yi maka arha.

Kada ka damu da sake rubutowa kafin zaman. Ina da abin yi.

*

16 ga Afrilu

Gajere,

Ka ce kada in rubuto, amma ka san ba na ji. Ina gaida amarya da yara. Na zame a banɗaki ranar Litinin, ban karye ba, sai dai kafaɗa ta yi tsami. Na ɗan jima a ƙasa kafin in samu abin kamawa. Ina kwance a wurin na yi ta tunanin Lamba Biyar. Ban san tsawon minti biyu ba sai ranar.

Abin da ka faɗa a kaina duk gaskiya ne, ban da abu ɗaya. Ka haddace layi ɗaya, ka bar na ƙarƙashinsa. Ka koma ka duba. Ban zauna a kujerar alƙali ina kallonka daga sama ba. A bencinka nake, gefenka, kuma ni na fara zama.

Ka ce gaskiya ta yi mini arha. Wataƙila. Ba ni da aikin da za a ƙwace. Abin da nake da shi wasiƙa ce da ke zuwa sau ɗaya a wata da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Ita na ɗora a kan tebur.

Wasiƙarka ba ta da sa hannu. Ko mantuwa ce?

Kakanka

*

19 ga Mayu

Gajere,

Ina fata kuna lafiya. Ni ga ni nan. Kafaɗa ta saki, ƙafa ce ta ƙi.

Wata guda ke nan da zaman. Tela ya rubuta mini a bayan takardar awo cewa an ce a rediyo hukuncinka ya koma shekara biyu, amma bai ji dalili ba, injinsa na ƙara. Na sauka Asabar uku na ga wani mai farar riga a bencinka. Ban san sunansa ba, ban tambaya ba.

Jiya tela ya hawo mini da ƙunshi daga gidan waya. Na gane rubutunka a bayansa, na zauna a bakin gado na wanke hannu da ɗan ruwan kofi kafin in buɗe, kamar wani sakarai. Hular ce. Na zazzage ledar, na juya takardar da aka naɗe ta, na sa yatsa cikin zagayen hular ko ka maƙale wani abu. Babu ko layi ɗaya.

Na gane. Wanda aka mayar wa da kyautarsa ba ya bukatar bayani. Ba zan ƙara damunka ba. Abu ɗaya kawai nake so in sani, ko daga bakin amarya ne: takardata ce ta jawo maka shekara ta biyu? Wa ya kai musu ita? Wallahi ban aika ba.

Kakanka, in har yanzu ka yarda

*

30 ga Mayu

Kaka,

Amaryarka ce. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba da lafiya. Yara na gaida kakansu, babban ya ce in tambaya ko da gaske kai ka koya wa babansu buga ƙwallo da ka, don shi bai ga alama ba.

Ni na buɗe wasiƙarka, domin ya ajiye ta kan firji kwana uku yana kewaye ta. Na karanta na yi kuka. Ka yi haƙuri, laifin ƙunshin nan har da nawa. Na gan shi yana naɗewa, na tambaye shi ina wasiƙar, ya ce zai rubuta ta biyo baya. Ya zauna da biro har shayinsa ya huce, bai wuce “Kaka” ba.

Babu wanda ya kai musu takardarka. Ina wurin, a kujerar baya. Lauya ya yi magana kusan awa guda, ya nuna hoton wasan, ya karanta dokar shiga fili. Har ni da ban san komai ba na ga sun sauko. Shugaban ya rufe fayil ɗinsa, ya tambaye shi ko yana da abin ƙarawa. Lauya ya girgiza masa kai. Sai na ga ya sa hannu a aljihun ƙirji.

Ya ce takarda ce daga kakansa. Da ya faɗi ko wane ne kai, dattawa biyu suka dubi juna suna murmushi. Ya karanta gaban, suna gyaɗa kai, ɗaya har da share ido wurin maganar jinyar kakarsa. Ya kai ƙarshen shafin ya tsaya. Kaka, da zai iya naɗewa a nan, babu mai cewa ya nuna sa hannu. Sai ya juya ta.

Lauya ya ajiye bironsa ya jingina da kujera. Da ya gama karantawa ya ƙara nasa: ya lissafa musu wasanni huɗun da ranakunsu, ya ce 'yan wasa umarninsa suka bi, kada a taɓa su. Ya ce alƙalin da aka dakatar ba shi da laifin da ya kai nasa. Shugaban ya tambaye shi ko ya san abin da yake yi wa kansa. Ya ce, “Na sani. Na makara ne kawai.”

Suka fita, suka dawo da shekara biyu. An ɗage wa alƙalin nasa hukuncin. Ɗaya daga ɗalibanka ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce dai a gaishe ka.

Ƙungiya ta sallame shi washegari. Za mu koma ƙaramin gida ƙarshen wata, ni kuma na koma aikin kanti. Ba roƙo nake ba, ina gaya maka ne don kada ka ji a wani wuri.

Kowace Talata da Alhamis yana zuwa ya ɗauki Lamba Biyar ya kai shi asibiti wurin motsa jiki. Matar mutumin ba ta amsa gaisuwarsa, ba ta barinsa ya wuce bakin ƙofa. Tana fito da mijinta a keken guragu, ta miƙa jaka, ta juya. Haka yake zuwa, bai fasa ko sau ɗaya ba.

Hular kuwa, ya ɗauke ta zuwa bayan gida da ashana, ya dawo da ita. Ya jefa a kwandon shara, na wayi gari na gan ta a kan tebur. Ya kasa ƙonawa, ya kasa ajiyewa. Bai san inda zai kai ta ba sai inda ta fito. Ba korarka ya yi ba.

Ka ci abinci, don Allah. Na san halinku, jini ɗaya ne.

Amaryarka

*

11 ga Yuni

Kaka,

Ina gaishe ka. Ya kafaɗa, ya ƙafa? Ka sa tela ya kafa maka ƙarfen kamawa a banɗakin nan, kada ka ce sai gobe.

Na koma na duba layin da ke ƙarƙashi. Na gan shi tun a daren zaman. Ka yafe mini abin da na rubuta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har matata. Ranar Alhamis muna dawowa daga asibiti, mun tsaya a danja, Lamba Biyar ya taɓa ni da hannunsa mai lafiya. Maganarsa sai ka yi haƙuri, kalma ɗaya sai ya huta. Ya ce, “Koci, na ga hular. Ina neman inda zan kwanta ne. Ban ga mutumin ba.”

Ka gane, Kaka? Ba minti biyun kaɗai ba ne. Da aka bugo kwanar, idonsa yana kaina. Shekara goma sha biyu yana tashi sama, bai taɓa yin gware irin wannan ba. Ba da fushi ya faɗa ba, kamar mai neman gafara ya faɗa, wai bai yi aikin daidai ba. Motocin baya suka yi ta hon, na kasa taka mota.

Matata ta ce in kawo maka yara lokacin hutu. Ina so. Amma ba yanzu ba. In na rufe ido ina ganinka a tasha kana ɗora mini ita kana dariya, ni ma ina dariya. Ba na jin haushinka. Ban dai iya kallon fuskarka ba tukun, kamar yadda ban iya kallon tawa ba. Ka ba ni lokaci.

Jikanka,
Gajere

*

20 ga Yuni

Gajere,

Wasiƙarka ta zo da sa hannu. Na gode. Ina gaida amarya, ka ce mata na ci abinci, kuma na janye ƙarata, ta zauna da kai, ka cancanta. Ka gaya wa babban yaron gaskiyarsa, ban taɓa iya koya maka buga ƙwallo da ka ba. Tela ya kafa ƙarfen, a karkace, amma yana riƙe ni.

Maganar Lamba Biyar na karanta ta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Ɗan bayana na wancan lokaci ya rasu da daɗewa. Ban taɓa tambayarsa abin da yake ji ba in ya ga na kai hannu kai. Shekara arba'in da shida ina ba da labarin, ban taɓa ba da shi daga inda yake tsaye ba.

Ka ce in ba ka lokaci. Ka ɗauka, duk wanda nake da shi naka ne. Kada ka zo don tausayi. Talata da Alhamis sun fi ni bukatarka.

Hular na rataye ta a ƙusar da ke fuskantar gadona, kusa da hoton marigayiya. Ba zan ƙona ta ba, hakan zai yi mini sauƙi da yawa. Da safe in na buɗe ido su biyun nake fara gani. Na ba ta amsar tambayarta, ko da yake ta daɗe da daina jira.

Saura hukunci. Na roƙi a rubuta sunana ƙarƙashin naka, babu kwamitin da zai kula tsohon da ya bar benci tun kafin a haifi rabinsu. Saboda haka na zauna ni kaɗai, na karanta takardar gaba da baya, na yanke. An ba ka shekara biyu. Ni ma na ɗauki biyu. Ba fili, ba talabijin, ba kujerar shago.

Asabar ɗin da ta wuce ban sauka ba. Tela ya hawo da tef ɗin awo a wuya, ya rubuta mini cewa wasa ya fara, mutane na tambaya. Na ce masa an dakatar da ni. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya tsaya yana kallona. Ya rubuta: har yaushe? Na nuna masa yatsa biyu. Daga taga ina ganin inuwarsu a bakin shagon in sun miƙe tsaye, da haka nake sanin an ci. Ban san wa ya ci ba. Daidai ke nan.

Ranar da ka koma benci, ko na ƙaramar ƙungiya ne, ka tsaya a bakin fili da kanka a buɗe, rana ta dake ka. Ka rubuto mini kwanan wata, in sauko matakala ashirin da biyun nan in gani. Tela ya ce zai ajiye mini kujerar, ba zai bar kowa ya zauna ba.

Ban gaya masa abin da ma'aikaciyar jinya ta ce game da ƙafar ba. Shekara biyu ta yi mata nisa.

Kakanka